Awon Ruwan Sama da Isar da Labarinsa ga Manomin Ƙasar Daura



Manomin ƙasar Daura, ko a Baure yake, ko Zango, ko Sandamu, ko Mai'adua, tambaya ɗaya ce takan hana shi barci in bazara ta yi nisa, wato yaushe zai yi shuka. Daminarsa gajeruwa ce, daga Yuni zuwa Satumba. In ruwan farko ya ruɗe shi, gero ya tsiro rana ta ƙone shi, ya yi asarar iri. In kuwa ya yi jinkiri, ruwa ya ɗauke dawa ba ta nuna ba.

Tun kafin zuwan Turawa yana da alamominsa: shamuwa ta dawo, gawo ya soma zubar da ganye, iska ta juya tana busowa daga kudu maso yamma. Waɗannan suna sanar da shi cewa damina ta ƙarato, amma ba sa faɗa masa yawan ruwan da ya sauka. Wannan aikin ma'aunin ruwan sama ne, wani gwangwani mai mazurari wanda akan kafa a fili, nesa da itace da gini. Kowace safiya sai ma'aikaci ya juye ruwan cikin kwalba mai zane, ya karanta, ya rubuta. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita, milimita 25 kuwa su ne kusan inci ɗaya. A manyan tashoshi, kamar ta filin jirgin saman Katsina, akan haɗa da awon zafi da danshi da ƙarfin iska, a aika wa hukumar NiMet, wadda aka kafa a 2003. Ita kuma ta gwama su da hotunan taurarin ɗan'adam na Meteosat, waɗanda aka soma harbawa a 1977. Har ila yau, bayan farin 1973 ƙasashen Sahel sun kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, domin hadari ba ya tsayawa a kan iyakar Kongolam ya nuna fasfo.

Daga waɗannan alƙaluma ne NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: ranar faɗuwarta, ranar ɗaukewarta, yawan ruwa, da lokacin da ake tsoron fari a tsakiyarta.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Ruwan damina a Arewa tsalle yake yi, ya sauka a Zango ya ƙetare Sandamu, alhali Katsina tana wajen kilomita 80 daga Daura. Ke nan awon Katsina ba ya isar wa manomin Baure, sai an yawaita ma'aunai a makarantu da ofisoshin gona, an kuma sami mai karanta su kullum, har ranar salla.

Matsalar harshe ma ba ƙarama ba ce. Abin da masana ke nufi da faɗuwar damina ba ruwan farko ba ne, lokacin da laima ta kama ƙasa ne har ta iya riƙe tsiro. Bahaushe kuwa tuni yake da sunan wannan, wato ruwan shuka, ya kuma bambanta shi da yayyafi. Mai fassarar da ya ce a rediyo damina za ta fara ranar kaza ya sa manomi ya ɗauki iri da zarar ya ji tsawa. Kazalika, in aka faɗi hasashe kamar yankakken hukunci, sai mai sauraro ya ɗauka ana da'awar sanin gaibu, ranar da aka kuskure kuwa ya daina saurare ɗungum. Ya kamata a ce masa ana kyautata zaton ruwan shuka tsakanin mako kaza da mako kaza, in Allah ya yarda, malamin gona kuma ya maimaita masa haka baki da baki a kasuwar Mai'adua, kafin ya kwance bakin buhun iri.