Talabera, Garin Tangaran na Ƙasar Sifen

Wannan jawabi a kan wani tsohon gari ne na ƙasar Sifen, wanda sana'arsa ta kusa mutuwa sa'an nan ta farfaɗo. Ga duk mai riƙon ƙasa da ke da masu sana'ar hannu a ƙarƙashinsa, akwai abin lura a cikin labarinsa.

Sunan garin Talabera, kuma yana bakin Kogin Tagus, wajen mil 75 kudu maso yamma da Madrid. Romawa sun zauna a cikinsa. Bayansu da daɗewa Musulmin Andalus suka riƙe shi shekaru fiye da 300, suna ce masa Talabira. A zamanin Halifa Abdurrahman na Uku aka ƙarfafa ganuwarsa, har yau kuwa baƙo ya kan ga saura nata a tsaye. Kafin ƙarshen ƙarni na 11 garin ya koma hannun sarakunan Kirista. Cikin 1328 Sarki Alfonso na Goma Sha Ɗaya ya ba matarsa Mariya garin kyauta, shi ya sa cikakken sunansa ya zama Talabera ta Sarauniya.

Abin da ya ɗaukaka garin shi ne tangaran. Magina su kan gina kwano ko tulu da yumɓu, su gasa, sa'an nan su tsoma shi cikin wani farin ruwa mai haɗin dalma da kuza. Idan ya sha iska sai a yi masa zane da shuɗi, da rawaya, da kore, da ruwan goro, a sake gasawa, ya fito fari tas yana ƙyalli. Wannan dabara ta shafen kuza ta hannun Musulmi ta shiga Sifen. Sana'ar ta bunƙasa cikin ƙarni na 16 da na 17, domin Sarki Filibus na Biyu ya sa aka yi ado da tangaran ɗin Talabera a babbar fadarsa ta Eskoriyal. Da sarki ya saya, sai fadawa da attajirai suka bi sahu.

Amma cikin 1809 aka gwabza yaƙi a bakin garin, sojan Ingila da na Sifen a gefe guda, na Faransa a ɗaya gefen. Yaƙe-yaƙen wannan zamani suka rushe gidajen sana'a da yawa, ciniki ya faɗi, gwanaye suka yi ta ƙarewa. Sai cikin 1908 wani mutum, Juwan Ruwis da Luna, ya buɗe ma'aikata. Ya tattara tsofaffin kwanuka, aka duba zanensu, aka koya wa samari. Kayan da ya tara suna nan a gidan tarihi mai sunansa. Baƙo ya kan kuma ziyarci babbar majami'ar Furado, wadda bangayenta ke lulluɓe da fale-falen tangaran masu zane. Cikin 2019 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun da duniya ta gāda.

Babban bikin garin shi ne Mondas, ran Asabar ta bayan Ista. Masana sun ce asalinsa bikin amfanin gona ne na Romawa, daga baya Kirista suka mai da shi nasu. Mutanen ƙauyukan kewaye su kan shigo da tufafinsu na gargajiya, ɗauke da kyautai na kakin zuma da furanni, a yi jerin gwano zuwa majami'ar Furado. Ƙauyen Gamonal ya kan kawo ƙaramin amalanke wanda raguna biyu ke ja. A can ne magajin gari da shugabannin ƙauyuka su ke musayar sandunan girma, alamar zumunci tsakanin birni da ƙauye. Ban da wannan akwai bikin San Isidiro cikin Mayu da na San Mateyo cikin Satumba, garin kuwa ya daɗe da shahara wajen cinikin dabbobi, tun iznin da Sarki Sanco na Huɗu ya ba shi cikin 1294.

To, abin lura shi ne, sana'a ta kan rayu idan manya suna sayen kayanta, gwanaye kuma suna da almajirai. Ya kamata kowane hakimi ya san magina da masaƙa da marina na ƙasarsa, malaminsa kuma ya rubuta sunayensu da yawan yaran da ke koyo a hannunsu, tun tsofaffin suna da rai.