Labarin Karolin Ingals, Uwar Gida a Bakin Daji



Yau mun zo muku da labarin wata mace ta ƙasar Amurka, sunanta Karolin Ingals. Ƴarta Lora ce ta rubuta tarihin gidansu, littafin farko ya fito a 1932. Mun zaɓe shi ne don wahalar da ke cikinsa ta yi kama da wadda matanmu suka sani.

An haifi Karolin a 1839 a yankin Wiskonsin. Tana ƙarama mahaifinta ya rasu a haɗarin jirgin ruwa. Tana da shekara 16 ta soma karantar da yara. A 1860 ta auri Calis Ingals, mutum mai ƙwazo, amma ba ya iya zama wuri ɗaya. A 1862 gwamnatinsu ta yi doka: wanda ya zauna a fili shekara 5 yana nomansa, za a mallaka masa eka 160, wato wajen hekta 65. Jama'a suka ɗaura wa dawaki amalanke suka nufi yamma.

A 1869 Calis ya kwashi iyalinsa zuwa Kansas. Can suka kafa ɗakin itace. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da su duka, sai wani likita baƙar fata ya yi musu magani. Can kuma ta haifi ƴarta ta uku a 1870. To, ashe filin na ƙabilar Osej ne, ƴan asalin ƙasar. A 1871 iyalin suka bar ɗakin da rijiyar da suka haƙa, suka koma inda suka fito.

A 1874 suka sake tashi zuwa Minesota. Da farko ɗakinsu rami ne da aka haƙa a jikin gaɓar rafi. Suka shuka alkama. A 1875 fara ta sauka ta cinye gonar ƙaf. Calis ya tafi neman aikin girbi da ƙafa, nesa ƙwarai. Wa ya rage da yara da dabbobi? Karolin. Ita ce tatsa, ita ce girki, ita ce ɗinki, ita ce malama. A 1876 ɗanta namiji tilo ya rasu yana da wata 9. A 1879 babbar ƴarta Meri ta yi ciwo ta makance tana da shekara 14.

A shekarar nan suka isa Dakota, inda garin De Smet yake. Nan Karolin ta tsaya a kan maganarta: tafiya ta ƙare, yara za su yi makaranta. Sanyin 1880 zuwa 1881 ya gwada su. Dusar ƙanƙara ta tare hanyar jirgin ƙasa wata da watanni, abinci da gawayi suka ƙare a gari. Da ɗan injin hannu na niƙan gahawa suke niƙa alkama, suna murɗa ingirici suna hura wuta. Duk ƴan gidan suka tsira. A 1881 aka kai Meri makarantar makafi a jihar Ayowa. A 1886 suka cika sharuɗɗan mallakar filinsu. Calis ya rasu a 1902, ita kuwa a 1924.

To, jama'a, me muka tsinta a nan?

Na farko, in maigida ya ce a tashi, uwar gida ce ke ɗaukar nauyin. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san wanda ya zauna da yara a rugga sa'ad da maza suka kora sauran shanu kudu. Saboda haka a riƙa shawara da mata kafin a kwance bukka.

Na biyu, fara ta ci gonar, sanyi ya ci guzuri, amma karatun yara ya tsaya. Lora ta zama malama, daga baya marubuciya. Da ba ta yi karatu ba, da mu ma ba mu ji sunan uwarta ba. Kada mu hana ƴaƴanmu mata makaranta.

Na uku, kada mu manta da Osej. Baƙi sun ga fili ba gona, suka ce ba mai shi. Haka ake faɗi a kan makiyaya da burtali. An tashi Osej zuwa inda jihar Oklahoma take yanzu, amma da kuɗin ƙasarsu suka sayi sabon wuri, suka riƙe shi da takarda. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu je a rubuta mashayarmu da burtalinmu gaban hukuma.

Muna roƙon kowane ardo, in ya koma, ya tara matan ruggarsa a karanta musu wannan labari, ya kawo mana abin da suka ce a taro na gaba.