TSOHON DA KE BAYAN DANGA: TSAKANIN ZATO DA ZIYARA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, mai juya kwanaki, wanda babu wani saurayi face Ya tanadar masa furfura idan kwana ya yi tsawo. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku shehunnanmu da muƙaddamai, iyayenmu maza da mata, da ’yan’uwa muridai da kuka taho nan Mandera daga Bodinga da Shagari da Sifawa da sauran garuruwa, assalamu alaikum wa rahmatullah. An umurce ni da in yi tunatarwa a wannan taro na shekara, alhali kuwa ni almajiri ne a gaban malamaina. Zan yi magana ne a kan mutanen da ba su zo wannan taro ba, kuma babu wanda ya lura da rashin zuwansu: tsofaffin da ke zaune su kaɗai a bayan dangarmu, da labaran da muke ƙaga masu.

Bari in fara da laifin kaina. Lokacin da nake karatu a zauren malaminmu, Allah Ya gafarta masa, akwai wani dattijo mai saƙar tabarma a maƙwabtanmu. Matarsa ta rasu, ’ya’yansa biyu sun tafi cin rani kudu, shekaru suka shuɗe ba su dawo ba. Idan an gaishe shi ba ya amsawa, da dare kuma akan hango fitila a ɗakinsa har asuba. Sai gari ya rabu uku a kansa. Wasu suka ce girman kai ne da rowa, ya binne tukunyar azurfa a ƙarƙashin gadonsa. Yara suka ce da aljannu yake hira, suna wucewa ta ƙofarsa da gudu. Mu kuwa masu ganin kanmu mun yi karatu, muka ce ai bawan Allah ne, rauhanai ke yi masa hidima.

Wata shekara cikin hunturu aka kwana biyu ba a gan shi a masallaci ba. Da aka tambaya, da bakina na ce, “Halwa ya shiga, kada a dame shi.” A rana ta uku malam ya dube ni ya ce, “Malam ƙarami, shi ya gaya maka?” Na ce a’a. Ya ce, “To tashi ka je ka gano mini shi.” Na tarar da shi kwance a gindin randa, ya zame ya karye a ƙugu, leɓɓansa sun bushe, ga ruwa kusa da shi amma ya kasa kaiwa. A ɗakin babu komai sai buzu da tasbaha da ragowar gero a ƙwarya. A ranar na gane cewa kunnensa ne ya mutu shekaru da dama, shi ya sa ba ya amsa gaisuwa. Fitilar kuwa rashin barci ne irin na tsufa. Bai yi wata biyu ba ya koma ga Mahaliccinsa.

Ya ku ’yan’uwa, ku lura da wannan. Labarai uku ne, biyu munana, ɗaya kyakkyawa a zahiri, amma duka ukun aiki ɗaya suka yi: sun ɗauke mana nauyin shiga gidansa. Mai dukiya ba ya bukatar tuwonka, mai aljannu ana tsoronsa, waliyyi kuma ba a damunsa. Kowa ya sami hujjar wucewa. Saboda haka labarin da muke ƙaga wa tsoho mayafi ne da muke rufe sakacinmu da shi.

Mafi muni daga cikin waɗannan labarai shi ne wanda ake jingina wa tsofaffin mata. Tsohuwa ba ta da ɗa a kusa, idanunta sun yi ja saboda hayaƙin murhu, tana magana ita kaɗai, sai yaro ya yi zazzaɓi a unguwa, a ce ita ta kama masa kurwa. A ja ta a bainar jama’a a ce sai ta tsallake shi. A watan Yuli na 2020, a garin Kafaba kusa da Salaga ta ƙasar Gana, Salagar da kakanninmu fatake suka riƙa zuwa sayen goro, an doki wata tsohuwa mai shekara 90 har ta mutu, bayan wata boka ta ce mayya ce, mutane suna tsaye suna kallo. Kada mu ce abin ya yi mana nisa, domin da kalma ɗaya a bakin rijiya yake farawa.

Ilimin likitanci ya bayyana da yawa daga abin da muke tsoro. Akwai cutar mantuwa ta tsufa, wadda wani likitan Jamus mai suna Alzheimer ya bayyana nau’inta mafi yawa a 1906. Tana cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har mutum ya mance sunan jikansa, ya fita cikin dare yana neman gidan da ya tashi a ciki, ya riƙa kiran waɗanda suka daɗe da rasuwa, wani lokaci ma ya amsa laifin da bai aikata ba domin bai fahimci tambayar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke da irin wannan ciwo a duniya. Mai wannan hali likita yake bukata, kuma ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya nan a Kware, cikin jiharmu. Kaɗaici kuwa ya zama annoba har ga masu arziki: Ingila ta naɗa ministan kula da shi a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Mu a nan, cin rani ya kwashe matasa zuwa birane, ta’addancin ’yan bindiga a gabashin Sakkwato kuma ya watsa tsofaffi da yawa cikin garuruwan da babu wanda ya san asalinsu. Baƙon tsoho shi ya fi kowa saurin shiga bakin mutane.

Me addini ya ce? A aya ta 12 ta Suratul Hujurat, Allah Ya jera haramci uku a wuri guda: yawan zato, da bin diddigin mutane, da giba. A aya ta 36 ta Suratun Nisa’i kuma Ya haɗa umurnin kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa da umurnin bauta maSa Shi kaɗai. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wata baƙar mace mai sharar masallacin Madina. Ta rasu, aka binne ta ba a sanar da Manzon Allah (SAW) ba, saboda an ƙanƙanta lamarinta. Shi ne ya lura da rashinta, ya tambaya, ya sa aka nuna masa kabarinta, ya yi mata salla. Wannan ita ce sunnar da na bari a wancan hunturu: a lura da wanda ba a gani ba, a tambaya, a taka a je.

Idan kuwa muna zaton tsoho waliyyi ne, to mu tuna Uwaisul Ƙarni. Mutanensa ba su ɗauke shi a bakin komai ba, amma kamar yadda Muslim ya ruwaito, Sayyidina Umar (RTA) ya daɗe yana tambayar ayarin mutanen Yaman har ya same shi, ya roƙe shi ya nema masa gafara. Umar nemansa ya yi. Kyakkyawan zaton da bai ɗaga ƙafarka ba, bai amfani kowa ba.

Ba sai mun je nesa ba. A nan Sifawa Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. ’Yarsa Nana Asma’u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa ’Yan Taru. Mata masu shekaru ta zaɓa ta naɗa su jaji, ta ɗora masu malfa, suna tafiya ƙauye-ƙauye suna kai wa mata ilimi. A ƙasar da aka miƙa wa tsofaffin mata amanar karatu, abin kunya ne jikokinsu su riƙa nuna tsohuwa da baki.

Saboda haka ina roƙon kowace zawiya ta ɗauki abu huɗu daga wannan taro. Na ɗaya, muƙaddami ya san sunan kowane tsoho da tsohuwa da ke kwana su kaɗai a unguwarsa, ko suna cikin ɗariƙa ko ba sa ciki. Na biyu, duk dattijon da aka yi salla biyu ba a gan shi ba, a tura yaro ya yi sallama, idan ba a amsa ba a shiga. Iyayenmu mata kuma su raba gidajen tsofaffin mata a tsakaninsu. Na uku, wanda ya fara ruɗewa a kai shi asibiti, a kuma buga wa ’ya’yansa waya a gaya masu gaskiya. Na huɗu, duk wanda ya ji an ce “wance mayya ce”, ya tsayar da maganar a inda ya ji ta, ko da daga bakin mahaifiyarsa ta fito, cikin ladabi. Magabata sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, sun kuma ce zumunta a ƙafa take.

Kowanenmu, idan Allah Ya ja kwanansa, zai wayi gari a bayan wata danga yana sauraron ko akwai mai sallama. Allah Ya gafarta wa wancan dattijo, Ya yafe mini abin da na faɗa a kansa ba da sani ba. Allah Ya jiƙan iyayenmu da shehunnanmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya, Ya maimaita mana wannan taro, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi ta’ala wa barakatuhu.