Shirya Unguwar Sana'a da Wasanni a Kewayen Lambun Gari



Maganar da aka ɗora mini yau ita ce ta lambun gari, watau filin nan mai itatuwa da a ke keɓewa domin jama'a su sha iska, da kuma yadda za a zaunar da masu sana'a da masu wasa a kewayensa. Abin da na ke so ku riƙe shi ne, lambun da babu mai neman abincinsa a gefensa ba ya yin ƙarko. Kafin 'yan shekaru sai ya koma juji, sa'an nan a ce ba shi da amfani, a yayyanka shi fuloti-fuloti.

Ku dubi abin da maƙwabtanmu suka yi a Yamai. A shekarar 1959 aka kafa gidan kayan tarihi na ƙasar Nijar, wanda yanzu a ke kira da sunan Boubou Hama. Ba ɗaki guda aka gina aka kulle kaya a ciki ba. Lambu ne babba, ga namun daji, ga samfurin gidajen ƙabilun ƙasar, har da itacen nan na hamadar Tenere wanda mota ta kayar a 1973, aka ɗauko shi aka ajiye. Amma abin lura shi ne, an ba maƙeran fari da dukawa da masaƙa wurin zama a ciki. Suna aiki baƙo yana kallo, in ya ga abin da ya yi masa ya saya. Wanda kuwa ya ke samun na cefane a wuri, ba sai an roƙe shi ya share ba.

A Jos ma Bernard Fagg ya buɗe gidan kayan tarihi a 1952, ga gidan namun daji a kusa da shi. Daga baya aka gina samfurin ganuwar Kano da na Masallacin Jumma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina asalinsa. Aiki ne mai kyau, sai dai Jos ƙasar ruwa ce, ginin ƙasa kuwa sai da yaɓe. Kada ku yarda a fara irin wannan gini sai an san inda kuɗin gyaransa zai riƙa fitowa kowace shekara.

To, ina naku aikin? Tun Dokar Ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun Gwamna ne, na karkara kuma Ƙaramar Hukuma ce ke ba da izninsu. Duk da haka ku ne kuka san iyakar kowa, ku a ke nema shaida in rigima ta tashi. Saboda haka kafin a aza tubali, a auna filin, a kafa duwatsun iyaka, magatakarda ya rubuta a littafi, dagaci da masu unguwa su sa hannu. Da ruwa ya sauka sai a dasa itatuwa, tsamiya da maɗaci da ceɗiya, gama bango ya kan tashi cikin wata guda, inuwa kuwa sai an yi shekaru.

Wurin rabon mazauni ne a kan yi kuskure. Marina suna bukatar ruwa kusa, da magudanar da ba ta bi ta gindin itatuwa ba. Maƙeran baƙi a kai su can gefe, saboda wuta da ƙarar uwar maƙera. Dukawa da masu ɗinkin hula da masu sassaƙar ƙwarya su zauna bakin ƙofa, inda baƙo ke fara tsayawa. Majema kam, ko da ya ke su ne tushen aikin fata, a bar su bayan gari inda su ke, kowa ya san dalili. Filin kokawa da kiɗa a nisanta shi daga masallaci da asibiti. A kuma keɓe wa mata rumfa mai shinge, domin faya-fayi yawancinsu daga hannunsu su ke fitowa, ba kuwa za su zo su zauna a tsakiyar maza ba.

Kada a yi wannan rabo a ofis. Ku kira Sarkin Maƙera da Sarkin Marina da sauran shugabannin sana'a, a zaga filin tare da su da ƙafa. Magatakarda kuma ya rubuta sunan kowane gwani, da sana'arsa, da yawan yaran da ya ke koya wa, a aika wa Majalisar Sarki tare da takardar awon filin.