Rotsi da Suma: Agajin Farko ga Wanda Ya Bugu a Ka



Bahaushe yana da kalmar rotsi, yana da ƙululu, yana da suma. Duk ukun abin da ido yake gani ne. Jinin da yake taruwa a cikin ƙoƙon kai yana matse ƙwaƙwalwa kuwa ba shi da suna a bakinmu, alhali shi ne ya fi kisa. Fatar kai tana da jijiyoyin jini da yawa, saboda haka ƙaramin rotsi kan jiƙa riga har hankalin jama'a ya tashi, shi kuma wanda bai zubar da ko ɗigo ba a ce masa Allah ya kiyaye gaba, a sallame shi.

A watan Maris na 2009 'yar wasan kwaikwayon nan ta Ingila, Natasha Richardson, ta faɗi wurin koyon zamiya a kan ƙanƙara a Kanada. Ta tashi tana magana, ta ce ba sai an duba ta ba. Kwana biyu bayan haka ta rasu. Don haka wanda ya farfaɗo ma asibiti za a kai shi, balle in yana amai, ko ciwon kansa yana ƙaruwa, ko barci yana rinjayarsa, ko maganarsa ta rikice.

To, kafin a isa asibiti fa? A fara duba numfashi. Kada a girgiza shi, kada a ɗaga shi zaune, domin abin da ya bugi kai sau da yawa ya taɓa wuya, kuma karyayyen ƙashin wuya yana iya yanke laka. In amai ya taso, a mirgina shi gefe, kai da gangar jiki tare. A danne rauni da tsumma mai tsabta, sai fa in ƙashi ya lotsa, nan rufewa kawai za a yi. Toka da ƙasa da ake barbaɗawa ƙwayoyin cuta suke ƙarawa. Ruwan da ake ɗura wa sumamme, wai don tausayi, huhu yake tafiya. In ruwa ko jini yana fita ta kunne, kada a toshe. Kada kuma a ba shi asfirin, domin tana hana jini daskarewa. In mai babur ne, a bar masa hular kwanonsa, sai in ta hana shi numfashi.