Alƙalin Wasan Yara Ma Ɗan Wani Ne

Duk mai leƙa filayen ƙwallon unguwa a birnin Katsina bayan la'asar, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, ya san mai hura usur a gasar yara: matashi ne, layin filin da toka aka shata, babu na'urar duba bidiyo, sau da yawa ma babu masu tuta. Amma da ya hura fenariti sai manya, iyaye da yayye, su hau zaginsa ta uwa ta uba, wani har ya faɗa fili ya ci kwalarsa. Yaron da ake faɗan dominsa yana tsaye yana ɗaukar darasi.

Za a ce wasu alƙalan na son kai, wasu ma sayensu ake yi. Gaskiya ne, akwai su. To amma doka ta 5 ta ƙwallon ƙafa ta ce hukuncin alƙali a cikin wasa shi ne na ƙarshe. Ƙorafi gaban kwamitin gasa ake kai shi, a dakatar da mai laifi. Duka ba ya soke ƙwallo, sai dai ya kori masu gaskiya daga aikin, alhali daga gasar yara ake samun masu alƙalanci a manyan filaye irin na Muhammadu Dikko. A Ingila abin ya kai a 2023 aka fara gwajin maƙala wa alƙalan ƙananan gasanni kyamara. Mu nan igiya ta isa: a zagaye fili da ita, duk ƙungiyar da mai goyon bayanta ya tsallaka a cire mata maki.