Sabunta Katakon Dashbod na Tsohuwar Motar Gudu da Hannunka

 Yau gareji za mu shiga, amma ku ajiye sifana, kayan kafinta za mu ɗauka: samfefa, gam, magagari da wuƙa mai kaifi. Zancenmu a kan allon katakon da ke gaban direba ne a tsofaffin ƙananan motocin gudu na Ingila, da yadda mutum zai sake masa fuska da kansa idan ya tsufa ya tsattsage.

Mu ɗauki mota guda mu yi misali da ita, Triumph TR6. A birnin Kobantiri aka riƙa ƙera ta, ta shigo kasuwa a 1969, aka daina yin ta a 1976, kuma akasarinsu Amurka aka kai aka sayar. Kujera biyu gare ta, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa, shi ya sa rana da ruwan sama suka sha samun dashbod ɗinta kai tsaye. Idan ka dubi wannan allo za ka rantse falankin katako mai tsada ne aka feƙe. Ba haka ba ne. Filawud ne, aka manna masa siririn fallen katako mai kyau a fuska, wanda kafintoci ke kira biniya, sannan aka shafe da banish. Kaurin fallen da ake sayarwa yawanci milimita 0.6 ne, wato wajen takardar rubutu shida a haɗe. Ku riƙe wannan adadi, domin duk wahalar aikin daga nan ta taso.

Wani zai ce, ina ruwanmu da motar da ba mu taɓa gani a titinmu ba? To, leƙa cikin tsohuwar Marsandi, irin V-boot ɗin nan. Katako mai ratsi-ratsin da ke kewaye da giya, sunansa zebrano, daga dazuzzukan Kamaru da Gabon ake saro shi. Akwai kuma katakon sapele, wanda ya ci sunan garin Sapele na jihar Delta, inda kamfanin African Timber and Plywood ya daɗe yana yin filawud a da; kamfanin Cadillac na Amurka ya ƙawata cikin motocinsa da shi. Itacen namu ne, wasu suka iya fere shi. Sai dai na Marsandi a lanƙwashe yake, aikinsa ya fi wuya. Na Triumph a shimfiɗe yake, shi ya sa mai koyo zai iya tunkararsa.

Me ke lalata shi? Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Banish ɗin da ke kansa kuwa da ya tsufa sai ya ƙage, ba ya iya bin wannan motsi, sai ya tsage. Ruwa ya bi tsagar ya shiga, gam ya saki, fallen ya fara ɗagowa daga gefen ramukan agogo. A ƙasa irin tamu, inda hunturu ke busar da komai ƙayau damina kuma ta jiƙa shi, ga zafin bazara da kan sa dashbod ɗin motar da aka bari a rana ya haura digiri 70, lalacewar ta fi sauri.

Kafin ka taɓa komai, cire kan batir. Bayan allon nan wayoyi ne birjik, wasu da wuta a jikinsu ko da mota a kashe take. Ɗauki hoton bayan kowane agogo da wayarka, ka liƙa wa kowace waya 'yar takarda da sunanta. Agogunan na kamfanin Smiths ne, wani ƙarfe mai ƙafa biyu da ƙananan noti ke riƙe da su ta baya. Ka kula da agogon man juye: siririn bututu ne ke kawo masa mai daga inji. Idan ka cire shi ka manta ka tayar da mota, baƙin mai zai wanke maka kafet. Murfin ɗan akwatin ajiya ma a kwance shi, a zuba sukurorinsa a gwangwani guda.

Cire tsohon fallen ba shi da wuya. A ɗora dutsen guga mai zafi, gam ya yi laushi, a zura faffaɗar wuƙa a riƙa ɗagawa a hankali. Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da za ka tarar a ƙarƙashi. Dubi gefen filawud ɗin. Idan fallayensa sun fara rabuwa, ɗura musu gam ka matse su kwana guda. Inda ya ɓantare a cike shi a goge ya daidaita. Duk ɗan rami ko tudu da ka bari, sabon fallen zai bi shi, banish kuma ya tona asiri. Idan allon ya ruɓe ko ya karkace sosai, kada ka ɓata kuɗinka. Shimfiɗa shi a kan sabon filawud mai kauri iri ɗaya, ka zana, ka yanko wani.

Sai zaɓen fallen. Yawancin masu gyara itacen walnot suke nema, kuma iri biyu ne. Akwai mai miƙaƙƙen zare, wanda ya fi kusa da kamannin TR6 na asali, ba ya kuma ba da wahala. Akwai mai ƙudundunen zane kamar na cikin Jaguar da Rolls-Royce. Wannan daga wani ƙullutu da ke fitowa a gindin bishiya ake fere shi, da yawansa daga gonakin walnot na Kalifoniya, inda ake ɗaura aure tsakanin irin bishiya biyu, ƙullutun ya fito a mahaɗar. Kyau kam yana da shi, amma a cukurkuɗe yake zuwa, ga saurin karyewa. Kafin a manna shi sai an fesa masa ruwa da aka gauraya da gilisarin, a sa shi tsakanin takardu marasa rubutu, a danne da falanki da nauyi, a riƙa sauya takardun kullum har ya bushe a miƙe. Wanda ya manna shi da sauran laima, bayan wata ɗaya zai ga tsaga. Ni shawarata ga mai farawa, ya ɗauki miƙaƙƙen, ya bar ƙudundunen sai hannunsa ya faɗa.

Ga wani abu da ke bambanta aikin gwani da na ɗan koyo: murfin akwatin ajiya. Daga falle ɗaya ake rufe shi da sauran allon, daga daidai gurbinsa, domin zaren katakon ya ratsa ta kansa ya wuce ba tare da ya katse ba. Idan aka rufe shi da guntun da ya rage, ido zai kama tun daga nesa.

Yanzu mun zo kan gam, kuma a nan nake so ku kasa kunne da kyau. Abin da hannun kafintanmu zai fara kai wa shi ne gam mai warin nan, irin Evo-Stik, da ake manna fomeka da shi. A shafa nan, a shafa can, a jira ya sha iska, a haɗa, shi ke nan. Yana da sauri, ba ya bukatar matsi, kuma a wannan aiki shi ne mafi muni. Dalili kuwa, ko ya bushe roba-roba yake zama. Fomeka ba ta motsi, amma fallen katako rayayye ne, yana ja yana saki, kuma gam mai taushi ba zai hana shi ba. Zafin mota ya ƙara sassauta shi, sinadarin cikin banish ya ratsa siririn fallen ya narkar da shi, sai ka ga kumburi nan da can. Farin gam na kafinta, irin Top Bond, ya fi shi, wasu ma sukan shafa shi a ɓangarorin biyu su bari ya bushe sannan su bi da dutsen guga. Amma ka yi tunani: gam ɗin da zafi ya manna, zafi na iya sassauta shi. Abin da ya dace shi ne gam mai daskarewa tauri wanda zafi ba ya mayar da shi baya, wato na gari da ake kwaɓawa da ruwa irin Cascamite, ko epoxy mai jinkirin kamawa. A shafa shi siriri, a jikin filawud kaɗai. Idan ya yi yawa zai huda ta ƙofofin katakon ya fito fuska ya bar tabo.

Gam mai kyau ba ya aiki sai da matsi, kuma matsin ya game ko'ina. Shimfiɗa leda a kan fallen don kada ya liƙe da abin danni, ɗora falanki mai kauri kuma miƙaƙƙe sama da ƙasa, ka matse da maɗauran kafinta kusa da kusa, daga tsakiya zuwa gefe, yadda iska da rarar gam za su sami hanyar fita. Jera bulo biyu a kai ba zai wadatar ba. Masu sana'ar jakar leda suke amfani da ita, su zuƙe iskar ciki da inji, iskar waje ta danne allon da nauyin da ya kusa kilo guda a kan kowane murabba'in santimita. A bar shi kwana ɗaya cur. Bayan allon ma kada a bar shi tsirara; a manna masa falle mai araha ko a shafe shi da banish, in ba haka ba fuska ɗaya za ta ja, allon ya lanƙwashe.

Da ka kwance, za ka ga duk ramukan agogo a rufe. Huda kowanne daga tsakiya da wuƙa, ka riƙa faɗaɗawa, ka ƙarasa da magagari mai laushi. Kullum ka tura daga fuska zuwa ciki, kada ka jawo waje, domin jan waje ne ke ɓalle bakin fallen. Bakin ramukan a shafa musu fenti ruwan ƙasa, kamar yadda aka saba yi a masana'anta.

Wajen guga, ka tuna da milimita 0.6 ɗin nan. Ajiye injin samfefa. Naɗe mai lamba 240 a jikin ɗan katako, ka bi zare, sannan 320, ka tsaya. Gefe da kusurwa su ne ke saurin hujewa, kuma idan filawud ya leƙo, babu magani sai sabon falle.

Saura banish. Masu fentin mota za su ce a fesa mai haɗi biyu, irin wanda ake zuba wa hadina. Yana da ƙarfi, amma akwai guba a tururinsa da ke lalata huhu, ƙyallen rufe hanci ba ya tare ta. A bar wa mai wurin fesawa da kayan kariya. A gida, banish na jirgin ruwa ya fi, mai kariya daga hasken rana, domin yana da ɗan sassauci, yana bin motsin katako. A tsinka shafin farko ya shiga jiki, a ci gaba da shafi siriri-siriri kamar shida zuwa takwas, kowanne ya bushe a ɗan goge kafin na gaba. Kada a yi wannan ranar da ƙura ta taso. A yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, a rufe taga. A shafe gefuna da cikin ramuka, ta nan ruwa ya shiga tun farko. Bayan shafin ƙarshe a ba shi mako biyu ko fiye ya yi tauri, sannan a goge da samfefar ruwa daga 1200 zuwa 2000 a sa folish.

Game da ƙyalli, kowa da son ransa. TR6 dai ba da ƙyalli ta fito ba, kuma a motar da aka naɗe rufinta, allo mai sheƙi yana mayar wa direba rana cikin ido. Idan an zo mayarwa, kada a ɗaure notin agogo da ƙarfi, bakin ƙarfen zai nutse cikin sabon banish ya tsaga shi. A duba hotunan da aka ɗauka, a mayar da kowace waya gurbinta, bututun mai ya koma, sannan a ɗaura batir.